Tasirin rufin tare zafi a kan daidaiton osileta mai bin agogon GPS

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ra'ayin cewa ƙara kaurin soso a jikin osileta mai bin tauraron ɗan'adam kullum yana ƙara mata daidaito. Lissafi ya nuna cewa rufi na maganin sauyin zafi na mintuna, amma ba ya taɓuka komai a kan na dare da rana, kuma nauyin ƙarfe ya fi soso amfani a wuri mai zafi.

Gabatarwa

Irin wannan na'ura tana haɗa agogo biyu. Akwai osileta ta dutsen kwatz, mai kaɗawa sau miliyan 10 a sakan, wadda ke zaune cikin ɗan tanderu da ke riƙe ta a kusan digiri 70 zuwa 90. Akwai kuma bugun sakan-sakan daga GPS, wanda ke rawa da nanosakan da dama a gajeren lokaci amma ba ya kaucewa a dogon zango. Da'irar gyara ce ke sasanta su, galibi cikin sakan 100 zuwa 1,000.

Bitar ayyukan da suka gabata

Ma'aunin daidaiton agogo da David Allan ya fitar a 1966 shi ne abin dogaro a fagen, kuma ba mu da ja a kansa. Jayayyarmu da masu ƙera na'urori ce, waɗanda ke naɗe akwati da soso, su ga zanen Allan ya sauko a wajen sakan 1,000, su ce an gama. Sun auna na'urar ne tana riƙe da GPS, a ɗaki mai sanyi. A wannan hali da'irar gyara ta riga ta share duk sauyin da ya fi ta jinkiri, saboda haka ba a ga raunin rufin ba sam.

Dabarun bincike

An ɗauki akwatin a matsayin matata mai mataki ɗaya. Lokacin jinkirinta shi ne ƙarfin tare zafi na rufi sau yawan zafin da kayan ciki ke iya haɗiyewa. Alƙaluman misali ne da aka zaɓa don lissafi.

Sakamakon bincike

A ɗauki kilo 1 na alminiyam, wanda ke haɗiye kusan jul 900 kafin ya hau digiri ɗaya, a rufe shi da soson da ke tare digiri 4 a kan kowane wat. Jinkirin ya zama sakan 3,600. Na'urar sanyaya ɗaki mai kunnawa da kashewa duk minti 15, tasirinta zai ragu kusan ninki 25. Zagayen dare da rana kuwa, mai sakan 86,400, kashi 3 cikin ɗari kacal zai ragu.

Wannan kashi 3 shi ne abin dubawa idan GPS ya ɓace, osileta ta shiga riƙon ƙwarya. Hasumiyar waya mai raba aikawa da karɓa bisa lokaci ba ta jure kuskuren da ya wuce maikirosakan 1.5. Don a tsaya cikin wannan iyaka na awa 24, dole matsakaicin kaucewa ya gaza kashi 1.7 cikin biliyan 100. A nan soso ba shi da abin cewa; ingancin tanderu, ko tanderu biyu ɗaya cikin ɗaya, shi ke yanke hukunci. Ɓacewar GPS ba baƙon abu ba ne a Najeriya, domin ƙasar na kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, inda saman sararin sama kan dagula siginar bayan faɗuwar rana.

Abin da ya fi damun wannan binciken shi ne illar da soso ke jawowa. Tanderun osileta ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa, don haka sai zafi na fita yake iya riƙe ma'auninsa. Idan kayan ciki na cin wat 5, rufin da aka ambata zai ɗaga zafin akwati da digiri 20. A ɗakin gwaji mai digiri 22 babu matsala. A ɗakin hasumiya a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, in wuta ta ɗauke zafi ya kai digiri 45, cikin akwati zai kai 65, dab da inda tanderu ke sakin linzami. Daga nan osileta mai tsada ta koma bin zafin gari.

Mafita tana cikin lissafin kansa. A rage soson rabi, a ninka alminiyam zuwa kilo 2: jinkirin na nan a sakan 3,600, matatar ba ta rasa komai ba, amma hawan zafi ya sauko zuwa digiri 10. Abin takaici ne yadda ake tsallake wannan, don kawai soso ya fi ƙarfe arha da sauƙin yanka.

Iyakokin bincike

Gaskiya ne an ɗauki wutar da akwati ke ci a matsayin tsayayya, alhali tanderu kan rage cinsa in waje ya ɗumama. Ba a lissafa tsufan dutsen kwatz ba, ko bambancin zafi tsakanin sassan akwati. Waɗannan za su motsa alƙaluman, ba za su juya alƙiblarsu ba.

Shawara

Duk mai girka irin wannan na'ura a yankin Sahel ya fara lissafa hawan zafi a rana mafi tsanani kafin ya sa soso, kuma ya auna ta da eriya a cire na tsawon awa 24.