Kan Sarkin Fezzan

Ghuddwa ƙauye ne kudu da Sabha, a kan hanyar Murzuk, cikin ƙasar Fezzan wadda ayarin Kano ya saba ratsawa zuwa Tarabulus a zamanin dā. A 1943 sojojin Faransa na Janar Leclerc, waɗanda suka taso daga Cadi, suka ƙwace ƙasar daga hannun Italiya. Da yake ba su zo da kan sarki nasu ba, sai suka ɗauki na Italiya da suka tarar, suka buga sunan Fezzan a kai. Kaɗan ne aka buga. A 1946 aka fito da sababbi masu hoton kagarar Sabha da ta Murzuk, aka yi ta buga waɗansu har Libiya ta sami 'yanci a 1951.

Na 1943 ɗin nan, ƙarancinsu ya sa masu tara kan sarki a Turai suka riƙa biyan kuɗi mai tsoka a kansu. Ganin haka mayaudara suka shiga buga na jabu. Mai saye ta gidan waya kuwa yakan biya kafin ya ga kaya. Shi ya sa masu hankali ba sa aika kuɗi sai da takardar shaidar gwani, gama ba a cinikin biri a sama.