Da Can Filin Kiɗa Yana da Masu Shi

Masu cewa 'yan kallon yanzu ne suka fara rashin ɗa'a a wurin kiɗa, ina jin ba su san wurin kiɗa na da ba. Tun ana kalangu a dandali da hasken farin wata akwai mai shiga gaban mutane ya tsaya ƙiƙam, akwai wanda ya yi tatul ya zo neman rigima, akwai saurayin da ba kiɗan ya kawo shi ba, tsokanar budurwar wani ce ta kawo shi. Abin da ya sauya shi ne, a da fili yana da masu shi, kuma makaɗin kansa yana riƙe da bulalar da ta fi ta dogari zafi.

Kiɗan fada ba sai mun daɗe a kansa ba. In Ibrahim Narambaɗa ya tsaya da kotso gaban Sarkin Gobir na Isa, ko Musa Ɗanƙwairo gaban wani basarake, kowa ya san inda zai zauna tun kafin a taɓa fata. Ga dogarai a tsaye, ga idon sarki. Wa zai yi tari da ƙarfi ma, balle ya ratsa fili?

Inda maganar take shi ne kiɗan jama'a, na biki da suna da ajo da wasan sallah, wanda kowa da kowa ke halarta. Nan ne Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, ya shafe fiye da shekara hamsin yana aiki. Nan ne Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, da Barmani Coge da ƙwaryarta a cikin gidajen biki. Jama'a kan yi da'ira, manya a kan kujeru ko tabarmi daga gaba, samari a tsaye daga baya, yara a ƙasa. Makaɗi yana tsakiya, ƙafarsa a kan ƙasar da ta kowa take. A ƙauye sarkin samari ne ke mayar da layi baya in an matso, kuma maganarsa ta isa, domin gobe da safe za a haɗu da shi a gona ko a kasuwa.

Amma babban mai riƙe da fili shi ne sanƙira. Mutane da yawa sun ɗauka aikinsa zuga da kirari kawai. Sanƙira shi ne ya san wane ne wane a wurin, ɗan wa ne, jikan wa ne, daga wane gari. In mutum zai yi kyauta, ta hannunsa take bi. Sai ya ɗaga murya, makaɗa su sassauta hannu, ya shelanta cewa wane ɗan wane ya ba da kaza, ko riga ce, ko doki, ko kuɗi. Jama'a su ji, mawaƙi ya saka sunan a waƙa, kiɗa ya koma. Mai kyauta ya sami abin da ya zo nema, wato a ji sunansa, ba tare da ya tare wa kowa gani ba. Wanda kuma yake son damun mutane, sanƙira zai fara ja masa kunne da magana mai harshen damo, wadda shi kaɗai da maƙwabtansa za su gane.

In bai ji ba sai mawaƙi ya karɓa. Ina yaro na ga haka a wani biki a unguwarmu. Wani mutum mai jar dara da babbar riga da ta sha shuni ya riƙa ratsa fili, ya je ya dawo, yana magana da ƙarfi da abokansa, har ya kusa take ƙafar mai kalangu. Mawaƙin bai dube shi ba. Ya ɗaga hannu kawai, kiɗa ya yi ƙasa, sai ya shigo da jar darar cikin waƙa, ya bi ta kan rigar, ya tambayi 'yan amshi ko sun san wanda ya ara masa ita. Bai ambaci suna ba. 'Yan amshi suka cafe, mata suka sa guɗa, fili ya ɗauki dariya. Mutumin ya cire hular ya cusa a aljihu ya sulale ta bayan rumfa. Har aka yi sallah yaran unguwa suna rera wannan amshi in sun hango shi.

Tsoron zambo ne ya ladabtar da mutane da yawa. Duk wanda ya san "Gagarabadau" ta Shata ya san abin da harshen mawaƙi ke iya yi wa mutum, kuma waƙa in ta shiga faifai ko ta fita ta rediyon Kaduna ba mai mayar da ita. Ba na cewa abin duk alheri ne. Akwai maroƙan da suka mayar da zambo hanyar tatsar mutane, wanda bai ba da kuɗi ba a zage shi ko bai yi laifin komai ba, shi ya sa malamai da yawa suka tsani sana'ar. Amma ta fuskar tsare fili, ya yi aiki.

Liƙi ma yana da tsarinsa. Lokacin kwabo da taro da sisi da sule, mutum kan fito ya manna wa makaɗi ko mai rawa a goshi, gumi ya riƙe, ya koma wurinsa. Bayan an shigo da naira a 1973, kuɗin mai suka yawaita, sai takarda ta maye gurbin ƙarfe, mannawa ta koma watsawa. Daga nan mai liƙi ya daina sauri. Ya zo ne a gan shi, don haka zai tsaya ya warware bandir a hankali, abokansa sun kewaye shi. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyu, kuma a 2024 an gurfanar da wasu sanannun mutane a Legas a kan haka. Duk da haka je ka kowane ɗakin taro ranar Asabar ka gani.

Sai kuma tikiti. Kano ta sami gidan sinima na Rex tun 1937, wasu irin su Plaza da Orion da Marhaba suka biyo baya, kuma a irin waɗannan wurare da otal-otal ne aka saba da biyan kuɗin ƙofa kafin a ga wasa. Wanda ya zo bikin dangi baƙo ne, yana jin nauyin mai gida. Wanda ya yanki tikiti kuwa cewa yake yi kuɗinsa ya biya, kuma ba wanda ya san ubansa a wurin. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, aka kafa hukumar tace fina-finai a 2001, sannan dokar Hisba a 2003, wasan fili na kowa da kowa ya ragu ƙwarai a birnin. Mawaƙa suka fi karkata ga ɗakunan biki, manyan wasanni kuma suka koma Kaduna da Jos da Abuja, ko Yamai da Maraɗi da Damagaram lokacin sallah. Matasa da yawa sun girma ba su taɓa zama kusa da babba a wurin kiɗa ba, balle su ga yadda ake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da mawaƙin kansa ya shiga. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyano ya mamaye waƙar Hausa, yawancin mawaƙa in sun hau dandamali waƙar da aka riga aka ɗauka a situdiyo ake saka musu, su riƙa bi da baki. Waƙar da aka ɗauka ba ta sassautawa don wani ya ratsa fili, ba ta karɓar sabon baiti. Na je wani wasa a wani ɗakin taro inda mawaƙin, yaro mai murya da basira, ya ɓace gaba ɗaya a tsakiyar masu liƙi da masu ɗaukar hoto. Wani ya rataya masa hannu a wuya yana ɗaukar kansu da waya, wani yana jan makirufo zai gaida abokinsa, yara suna rarrafe tsakanin ƙafafu suna tsintar kuɗi. Mu da muke zaune bayan mutane da hasken wayoyi kawai muke gani. Wata dattijuwa kusa da ni ta taɓa wani saurayi ta ce, "Ɗana, don Allah ɗan rusuna mu gani." Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ai kowa kuɗinsa ya biya." Waƙar tana ta fita daga lasifika lafiya lau, alhali mai ita ko bakinsa ba ya iya motsawa. Ƙartin da aka ɗauko tsaro sai turi da duka suka iya, domin ba su san kowa ba.

Masu shirya wasa, ku nemi mai gabatarwa wanda ya san mutanen gari kuma ake jin maganarsa, ku ba shi ikon tsayar da kiɗa. Ku ware wa liƙi lokacinsa da wurinsa, a sa tire ko ƙwarya a gefe, a faɗi sunan mai kyauta ya koma ya zauna. Mawaƙa kuma ku koma yawo da makaɗa da 'yan amshi ko da mutum huɗu ne, don ku iya amsa wa fili da bakinku. Kai kuma da ka sayi tikiti, wanda ke bayanka shi ma ya saya. In an ce ka zauna, don Allah ka zauna.