Gidan Majalisa na Birnin Delhi

'Yan makaranta, ku sani cikin shekarar 1921 Turawan Ingila suka aza harsashin gidan majalisa a Delhi, ƙasar Indiya, aka buɗe shi cikin 1927. Herbert Baker ya tsara shi kewayayye kamar faifai, ginshiƙan dutse 144 suka zagaye shi. A tsakiya ga babban zaure mai ƙubba, ga ɗakunan shawara uku, ɗaya na sarakuna. Amma fa a zamanin nan kome wakilai suka ƙulla, Wakilin Sarkin Ingila na da ikon warwarewa. To, cikin zauren nan Indiyawa suka karɓi mulkin ƙasarsu, daren 14 ga Agusta 1947, majalisarsu kuwa ta zauna gidan har 2023. Ashe magini bai san magajin soronsa ba.