Garaɓasar intanet: lissafin da za ka yi kafin ka tura kuɗi

'Yan uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan, Fatakwal da sauran garuruwan Kudu. Ni ɗan unguwar Bolewa ne a Potiskum, kuma a kasuwar shanu na tashi ina bin mahaifina. Kusan kullum sai wani daga cikinku ya turo min hoton talla a WhatsApp yana tambaya: “Wannan garaɓasar gaskiya ce?” To, ga ma'aunin da nake amfani da shi, kuma a kara na koyo shi.

Na farko: kuɗin da aka rubuta ba shi ne kuɗin kaya ba

Idan Baba ya sayi sa a Potiskum, ba ya cewa ya yi arha sai ya haɗa la'adar dillali, kuɗin lodi, kuɗin tirela zuwa Legas da abin da za a biya a hanya. Haka kayan intanet suke. Ka haɗa kuɗin kawowa, cajin banki da kuɗin motar da za ka kashe zuwa wurin karɓa, sannan ka kwatanta da farashin Alaba ko Computer Village a Ikeja.

Ni ma na taɓa faɗawa. Na ga fitila mai sola a wani shafi, an soke naira 18,000 an rubuta 9,500. Da aka ɗora kuɗin kawowa 4,000, ta tashi 13,500. Bayan kwana biyu na ga irinta a shago ana sallamawa 12,000, kuma ta shagon ana gwada maka ita a gabanka. Wannan farashin da ake sokewa da layi, mai kaya ne ya rubuta abinsa. Ko a lokacin rangwamen Black Friday na watan Nuwamba, farashin kasuwa za ka duba, ba shi ba.

Na biyu: wa zai tsaya maka?

A kara ba ka sayen dabba hannun baƙo sai da dillalin da aka sani, domin idan ta sata ce, shi za a nema. A intanet ka tambayi kanka: idan kayan suka zo a lalace, ƙofar wa zan buga? Mai shago na gaskiya yana da adireshi, yana da ƙa'idar mayar da kaya, kuma sunan asusun bankinsa ya dace da sunan kasuwancinsa. Za ka iya neman sunan kamfani a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Idan an cuce ka, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, amma fa sai da wanda za a kama. Shafin Facebook da aka buɗe makon jiya ba shi da ƙofa.

Inda aka yarda ka biya bayan kaya sun iso, zaɓi hakan. Ba a cinikin biri a sama.

Na uku: kyauta, me kake bayarwa a madadinta?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gyaran da mai hatsi ke ƙara maka, ai bayan ka saya ne. Saƙon da ke cewa ana raba data ko tallafin gwamnati, ka tura wa mutum goma sannan ka cike fom, bayananka yake nema. Lambar BVN da ta NIN, lambar sirrin katinka, da lambar da banki ke turowa a waya lokacin cire kuɗi, duk dukiya ce. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa. Haka nan duk kyautar da sai ka biya “kuɗin rajista” kafin a ba ka, ba kyauta ba ce.

Mafi haɗari ita ce ribar da ba a ga sana'arta ba. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce kuɗi zai ninka cikin kwana 30, ta durƙushe a Afrilun 2025, har mutane suka far wa ofishinta a Ibadan. Mai kiwon sa yakan yi watanni yana sayen dusa da harawa kafin ya ga riba. Kafin ka zuba ko sisi, duba ko kamfanin yana da rajista da hukumar SEC.

Na huɗu: gaggawa

Agogon da ke ƙirga “saura minti goma” dabarar ciniki ce, kamar dillalin da ke cewa wani Alhaji ya riga ya taya. Baba yakan juya baya ya tafi. Idan san na rabonsa ne, zai same shi. Kai ma ka bari ka kwana a kai. Da safe ka tambayi kanka: da ba a yi ragi ba, da zan nemi abin nan? Idan amsar a'a ce, babu ribar da ka ci, kashe kuɗi kawai ka yi.

Mafi yawanku kuɗin da ke hannunku na cefanen gida ne, ana jiransa a Arewa. Duk tayin da ya tsallake tambayoyin nan huɗu, saya da bismillah. Wanda ya faɗi ko a ɗaya, ka ce albarka. Allah ya tsare mana guminmu.