Facin da Ba a Duba Ba: Nauyin Bita a Manhajojin Haɗin Gwiwa

A manhajojin da jama'a ke haɗuwa su rubuta a fili, irin su Linux da PostgreSQL, kowa na iya turo faci, wato ɗan gyara ko ƙari, amma ba ya shiga sai wani amintacce ya duba shi. Masu turowa sun fi masu dubawa yawa nesa ba kusa ba, don haka faci kan yi watanni a jibge. An saba ɗora laifin a kan kasalar masu kula da manhaja. A ganina matsalar ta rabon aiki ce: rubuta faci yana jawo suna, bitarsa kuwa wahala ce wadda ba mai gani, kuma galibi ba mai biya.

Abin da ya sami xz Utils, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane nau'in Linux, ya nuna inda haɗarin yake. Lasse Collin ne kusan shi kaɗai ke ɗauke da ita, a lokacinsa na hutu. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau. A 2022 wasu baƙin sunaye suka taso Collin a gaba da ƙorafin cewa faci na ruɓewa a ajiye, lallai ya nemo mataimaki. Jia Tan ya samu ikon shigar da abin da ya ga dama, har ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Asiri bai tonu ba sai a Maris 2024, da Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura cewa shiga kwamfuta ta SSH na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. A lura da makamin da aka yi amfani da shi: tarin facin da ba a duba ba, da kunyar da yake sa mutum ɗaya da ya gaji.

Wani zai ce bitar ma ba ta hana ɓarna, kuma yana da hujja. Facin da ya haifar da ɓarakar tsaron da ake kira Heartbleed a manhajar OpenSSL ya bi ta hannun mai dubawa a ƙarshen 2011, amma ba a ga cewa ba ya tantance tsawon saƙo ba sai Afrilu 2014. Sai dai ido ɗaya ne ya duba shi, a manhajar da tsaron ɗimbin shafukan intanet ya rataya a kanta. Darasin a nan ƙarancin masu bita ne.

Shi ya sa nake ganin tsarin PostgreSQL ya fi dacewa. Tun 2008 masu kula da ita suke ware lokaci na musamman, CommitFest, domin bitar abin da ya taru, kuma ana sa ran duk wanda ya turo faci zai duba na wani mai kwatankwacin nauyinsa. Kowane faci yana da matsayi a rubuce: yana jiran bita, yana jiran marubucinsa, ya isa shiga, ko an mayar da shi da shawara. Gaskiya ne bitar dole kan zo sama-sama, kuma har yau wasu facin kan yi ta tsallakawa daga zagaye zuwa zagaye. Duk da haka wanda aka ce wa a'a tare da dalili ya san abin da zai gyara, kuma mai kula da manhaja yana da tsari da zai nuna wa masu matsa masa lamba.