Hazo ko Ruwan Sama: Me Ke Yanke wa Tsirran Kan Reshe Mazauni a Dazuzzukan Duwatsu?

Kusan kashi 10 cikin 100 na nau'o'in tsirrai masu jijiyar ruwa a duniya ba a ƙasa suke rayuwa ba, a kan rassan bishiyoyi suke tsirowa, su girma, su yi iri. Adadinsu ya kai wajen nau'i 28,000, kuma kashi biyu cikin uku dangin okid ne, sai dangin fan marasa fure, da dangin abarba na nahiyar Amurka. Kada a haɗa su da kauci, domin shi kauci saiwarsa yake kafawa cikin itacen yana tsotsar ruwansa, su kuwa wurin zama kawai suke nema. Nan matsalarsu take: wanda ba shi da ƙasa ba shi da rumbun ruwa. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi yanke musu mazauni a dazuzzukan duwatsun ƙasashe masu zafi shi ne tsawon lokacin da suke yi a bushe tsakanin jiƙuwa da jiƙuwa, ba jimillar ruwan da aka yi a shekara ba.

Duk inda aka ƙirga su daga gindin dutse zuwa ƙololuwa, kusan siffa ɗaya ake gani. A tsaunukan Andis na Bolibiya da gangaren Barba na Kosta Rika, nau'o'insu sun fi yawa a tsakiya, tsakanin mita 1,000 da 2,000, wato daidai inda iska mai laima da ke hawowa take hucewa ta zama gajimare, ta lulluɓe daji. A wannan tsayin, ko ba a yi ruwa ba, hazo na ɗiga a kan ganye da gansakuka, rana ba ta samun damar busar da reshe. Ƙirar jikin tsirran ma shaida ce. Saiwar okid tana sanye da wata ɓawa mai kamar soso da ke shanye ruwa cikin daƙiƙoƙi. Wasu dangin abarba sukan naɗe ganyensu su zama ƙoƙo mai tara ruwa. Da yawa kuma sai da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu su shaƙi iska, don kada su yi asarar laima da rana. Duk waɗannan dabarun jure ƙishi ne na ɗan lokaci. Ko a bishiya guda haka abin yake. Dick Johansson, wanda ya yi nazarinsu a duwatsun Nimba na Laberiya ya kuma buga sakamakon a 1974, ya kasa bishiya kashi biyar daga gindi zuwa ƙarshen rassa, kuma har yau da wannan rabon ake aiki: masu siraran ganye a inuwar gindi, masu kauri da juriya a can waje inda iska ke kaɗawa.

Akwai masu ja, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Robert Colwell da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka warwatsa mazaunan nau'o'i barkatai tsakanin iyakoki biyu, teku a ƙasa da ƙololuwa a sama, dole su fi cunkushewa a tsakiya, ko da yanayi bai sa hannu ba. Lissafin daidai ne, amma bai bayyana dalilin da ya sa gefen dutse mai fuskantar iska yake cike da tsirran kan reshe, bayansa kuma a tsayi ɗaya yake fayau ba. Bai kuma amsa gwajin da Nalini Nadkarni da Rodrigo Solano suka buga a 2002 ba. A dajin Montaberde na Kosta Rika, sun ɗauko tsirran tare da shimfiɗar ruɓaɓɓen ganyen da suke kai, suka mayar da su kan bishiyoyin da ke ɗan ƙasa, inda hazo ya ragu. Ganyensu ya riƙa mutuwa, sabo ya ƙi fitowa sosai, daga bisani irin bishiyoyin ƙasa da ke kwance a shimfiɗar suka tsiro a gurbinsu. Gaskiya ne wurin da aka kai su ya ɗan fi ɗumi, don haka gwajin bai raba zafi da bushewa tsaf ba. Sai dai zafin ma ta hanyar busarwa yake yin yawancin ɓarnarsa. Inda sanyi ke da iko na kansa shi ne can sama, inda ƙanƙarar dare ke kashe okid ta bar gansakuka.

Wasu kuma na cewa nau'in bishiya ne ke zaɓar baƙinta. Ɓawo mai kaushi ya fi riƙe iri da laima, tsohuwar bishiya mai shimfiɗaɗɗun rassa ta fi ƙarama ɗaukar kaya, amma kaɗan ne ƙwarai cikin tsirran suka taƙaita ga bishiya ɗaya tak.

Afirka ce ke ba da hujja mafi faɗi kan tasirin bushewa. Tsirran kan reshe a dazuzzukanta ba su kai na Kudancin Amurka yawa ba ko kusa, kuma bayanin da masana suka fi karɓa shi ne dogayen farin da nahiyar ta sha a zamanin ƙanƙara, da tsawon rani na yau. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, dajin Ngel Nyaki yana wajen mita 1,500, tsayin da a Andis ake samun cikar yawansu, amma nan duk shekara sai sun ratsa watannin hunturu, lokacin da hazon da ke saukowa na ƙura ne. Waɗanda suke iya zama a irin wannan wuri su ne masu ajiye ruwa a kumburarren kara, da waɗanda ke bushewa ƙurmus su farfaɗo da ruwan farko.