Daga yatsa uku zuwa sange: ƙananan kifi a kasuwar Ƙonni

Ku duba tiren masu suyar kifi a Ƙonni ko Malbaza: karfasa da tarwaɗa, wasu ko tsawon yatsa ba su kai ba. Kifi ne da aka kama tun bai yi ƙwai ba.

A da, Sarkin Ruwa ke faɗin ranar buɗe ruwa da ranar rufe shi. Har yau Argungu na riƙe da wannan: Matan Fada a rufe take sai lokacin bikin su, wanda ya samo asali tun 1934. Shi ya sa ake fiddo giwan ruwa mai girman mutum.

Mu nan Nijar, dokar kamun kifi ta 1998 ta hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba. To amma daga 2005, da aka soma rabon sange kyauta don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wasu suka mai da shi koma. Sange kuwa ba ya zaɓe, har 'ya'yan kifi yake kwashewa. Laifin ba na masunta kaɗai ba ne. Mu ke saye, don ya fi araha. Ma'aikatan gandun daji kuma ba su da yawan da za su tsare kowane tabki, daga Mozage har Ɗan Dutsi.